Gidan Marlborough: ladar yini guda da aka shekara 300 ana biya

Kowace shekara idan watan Agusta ya kama, akan ɗinka wata 'yar tuta a kai fadar Windsor, ɗaya daga cikin gidajen sarkin Ingila. Tutar kwaikwayo ce ta irin wadda sarakunan Faransa na da suke kafawa. Wannan ƙyalle shi ne kuɗin hayar da gidan Diyuk na Marlborough, wani babban gidan masu sarauta a Ingila, ke biya a kan ƙasar da fadarsu ta Blenheim ke zaune, a gefen garin Woodstock, 'yar tafiya kaɗan daga Oxford. Fada ce mai ɗakuna 187, kewaye da daji da tafki da lambuna masu faɗin eka 2,000. Tun 1705 aka gindaya wannan sharaɗi, kuma har yau ana cika shi.

Al'adar tana burge ni, ba zan ɓoye ba. Mutanen da za su riƙe alkawari ɗaya shekara 300 ba su saɓa ba sun cancanci a jinjina musu. Sai dai duk lokacin da na tuna da tutar nan, tambaya ɗaya ke zuwar mini: har yaushe al'umma za ta ci gaba da biyan jikoki ladar aikin da kakansu ya yi? Ra'ayina shi ne tarihin wannan gida, in aka bi shi daki-daki, hujja ce babba a kan cewa ana gadon suna, ana gadon dukiya, amma cancanta ba ta bin jini. Don haka bai kamata a ba kowa iko a kan jama'a saboda kakansa ya yi bajinta ba.

Diyuk ita ce sarauta mafi girma a Ingila in an cire gidan sarki, kuma gidajen da ke riƙe da ita ba su kai 30 ba. Abin da zai ba mai karatu na wajenmu mamaki shi ne yadda ake gadonta. Mu mun saba da masu zaɓen sarki su zauna su duba 'ya'yan gida su fitar da wanda suka ga ya fi dacewa, ko da a wasu lokuta son rai kan shiga. Can babu zaɓe ko kaɗan. Babban ɗa namiji shi ne magaji tun ranar da aka haife shi, nagari ne ko lalatacce. Kuma tare da sarautar yake haɗawa da gida da gonaki da kayan tarihi, ƙannensa maza da mata su tashi da ɗan abin da aka yanka musu. Wanda ya tashi ya ga ana raba gado kowane ɗa da 'ya su sami rabonsu zai ji abin wani iri. Amma wannan doka ita ce sirrin daɗewar irin waɗannan gidaje: dukiyar ba ta rarrabuwa, sai dai 'yan'uwa su rarrabu.

Wanda ya kafa gidan, John Churchill, an haife shi a 1650. Mahaifinsa mutum ne mai ɗan asali wanda yaƙin basasar Ingila ya talauta saboda ya goyi bayan sarki. John ya shiga fada a matsayin yaron gidan Yarima James, ƙanen Sarki Charles na Biyu, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa yayarsa Arabella farkar yariman ce, har ta haifa masa 'ya'ya. Ta wannan ƙofa ya fara hawa. Ƙofa ta biyu matarsa ce, Sarah Jennings, aminiyar Gimbiya Anne tun suna 'yan mata. A 1685 ya taimaka wa James, wanda a lokacin ya zama sarki, wajen murƙushe tawaye a Sedgemoor. Shekara uku bayan haka, da William na Orange ya sauka da rundunarsa daga Holan, John ya sulale cikin dare ya bar ubangidansa da ya raine shi, ya koma wajen baƙon. Masu kare shi sun ce addini ne ya sa, domin James Katolika ne shi kuwa ɗan cocin Ingila. Masu sukarsa sun ce ya ga inda iska ke kaɗawa ne. Ni dai na san William, da ya zama sarki, ya ƙara masa girma a 1689, sa'an nan a 1692 ya jefa shi kurkukun Hasumiyar Landan na ɗan lokaci saboda shi ma bai yarda da shi ba.

Da Anne ta hau gadon sarauta a 1702 sai kakarsu ta yanke saƙa. Kafin shekarar ta ƙare an naɗa shi Diyuk, an damƙa masa rundunar Ingila da ta ƙawayenta a yaƙin da ake yi da Sarki Louis na 14 na Faransa a kan wanda zai gaji sarautar Sifaniya. A nan kam dole a ba mai haƙƙi haƙƙinsa: mutumin gwanin yaƙi ne na gaske. A 1704 ya kwashi dakaru daga yankin Holan ya bi da su tafiyar kusan mil 250 har bakin kogin Danube cikin makonni biyar, Faransawa ba su gane inda ya dosa ba sai da ya isa. Ranar 13 ga Agusta, shi da Yarima Eugene na Savoy suka gwabza da rundunar Faransa da Bavaria a kusa da wani ƙauye mai suna Blindheim, wanda bakin Ingilishi ya mayar Blenheim. Kafin faɗuwar rana sun tarwatsa rundunar da Turai ke tsoro, sun kama babban kwamandanta, Tallard, sun ceci birnin Vienna. Yana bisa doki ya rubuta wa Sarah 'yar wasiƙa a bayan takardar lissafin kuɗin wata mashaya, ya ce ta sanar da sarauniya an yi nasara. Ya sake cin Faransa a Ramillies a 1706, da Oudenarde a 1708, da Malplaquet a 1709.

Amma shi kaɗai ya yi yaƙin? A Blenheim, ɓangarensa kawai an kashe ko an raunata mutum kusan 12,000. A Malplaquet adadin ya kai 20,000, har mutanen gida suka fara tambaya ko wannan nasara ce. Kafin Blenheim kuwa, da umarninsa aka ƙone ɗaruruwan ƙauyukan manoman Bavaria don a tilasta wa sarkinsu ya sauya ɓangare. Yawancin sojojin da suka tsaya masa ma ba Ingilishi ba ne: akwai 'yan Holan, da Jamusawa, da 'yan Denmark, da 'yan Austriya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wanda ya rasa ƙafa a bakin Danube ya koma gida da sanda, kwamandansa ya koma ya tarar da kyauta irin wadda ba a taɓa yi wa wani talakan sarki ba a ƙasar.

Sarauniya ta ba shi gandun sarauta na Woodstock, aka kuma ɗauki nauyin gina masa fada daga baitulmali. John Vanbrugh ne ya zana ginin, Nicholas Hawksmoor ya taimaka masa, aka fara aiki a 1705. Kuɗin jama'a da aka zuba sun kai wajen fam 240,000, a zamanin da leburan gona ba ya samun fam 20 a shekara. Aka haɗa masa da fansho na fam 5,000 duk shekara daga kuɗin shigar gidan waya, aka kuma rubuta a doka cewa fanshon ba zai mutu da shi ba, magadansa za su ci gaba da karɓa. Haka aka yi ta biya har cikin ƙarni na 19. Daga baya Sarah ta ɓata da sarauniya, aka sallami Diyuk a ƙarshen 1711 bisa zargin ya ci kuɗin sojoji, baitulmali ya rufe hannu a 1712, mata da miji suka bar ƙasar sai da Anne ta rasu a 1714 suka dawo suka ƙarasa ginin da aljihunsu. Ya rasu a 1722.

Ban ƙi a saka wa jarumi ba. Ƙasar da ba ta san alheri ba, ba za ta sami mai mutuwa dominta ba. Abin da nake ƙi shi ne kalmar "har abada" da aka liƙa a jikin ladar. Kuma tun a ƙarni na farko aka ga cewa jinin da ake taƙama da shi majalisa ce ke riƙe da shi. Ɗansa namiji tilo da ya rage ya mutu da ciwon agana a 1703 yana karatu a Cambridge. Bisa ƙa'ida da sarautar ta mutu tare da mai ita. Sai majalisa ta yi doka ta musamman a 1706 ta ce 'ya'yansa mata za su iya gada. Babbar 'yarsa Henrietta ta riƙe sarautar har 1733, daga nan ta koma hannun Charles Spencer, ɗan ƙanwarta. Ƙanen wannan Charles shi ya gaji gidan Althorp, kuma daga tsatsonsa Gimbiya Diana ta fito. Wato tun daga Diyuk na uku, ta wajen uba mutanen nan Spencer ne. Shekara 80 da ɗoriya suna amsa wannan suna, sai a 1817 Diyuk na biyar ya nemi izinin sarki ya ɗora Churchill a kai, a daidai lokacin da nasarar kwamandan Ingila Wellington a kan Napoleon a Waterloo ta sa sunan jaruman yaƙi ke tashe. Abin lura a nan: majalisar da ta iya buɗe wa mata ƙofa a 1706 don gida ɗaya, har yau ta bar ƙofar a rufe ga 'ya'ya mata na kusan duk sauran gidajen, alhali ita kanta sarautar ƙasar an gyara dokar gadonta a 2013 ta daina fifita namiji.

To me magadan suka yi da abin da aka bar musu? Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mu ne kuma muka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma a gidan nan karin magana na biyu ya fi yawan faɗa wa gaskiya. Diyuk na huɗu ya ƙawata wurin: shi ya ɗauko mai tsara lambu Lancelot Brown a shekarun 1760, ya datse ƙoramar Glyme ya yi tafkin da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa yau. Na biyar almubazzari ne. A 1812 ya sayi tsohon littafi guda ɗaya a kan fam 2,260, bayan shekara bakwai bashi ya kai shi ga yin gwanjon kayansa, littafin bai dawo da ko rabin kuɗinsa ba. Na bakwai, wanda ya yi wakilin sarauniya a Ireland daga 1876 zuwa 1880, ya sayar da tarin duwatsu masu daraja na gidan a 1875, ya bi da shahararren ɗakin karatun da aka gada daga Spencer. Na takwas ya juya kan zane-zanen bango. A 1885 gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan ya sayi zanen Raphael guda a hannunsa a kan fam 70,000, da wani na Van Dyck a kan fam 17,500, kuma majalisa ce ta ware kuɗin. A duba da kyau: jama'a sun gina gidan, sun yi ta biyan fansho, sa'an nan da magaji ya shiga matsi, kuɗin jama'a aka sake ɗiba aka sayi kayan cikin gidan don kada su bar ƙasar.

Ba duka laifinsu ba ne, gaskiya. Daga shekarun 1870 alkamar Amurka mai arha ta malalo Turai ta jirgin ƙasa da na ruwa, farashin hatsi ya faɗi, kuɗin hayar gonaki da manyan gidaje ke rayuwa a kai ya zube. A 1894 kuma aka tsaurara harajin gado. Mafitar da gidan Marlborough ya samu ita ce ta fi kowane babi na tarihinsa sosa mini rai.

Consuelo Vanderbilt 'yar shekara 18 ce a 1895. Kakannin ta sun tara dukiya da harkar jirgin ƙasa a Amurka, dukiyar da ba ta da iyaka, amma uwarta Alva tana son abin da kuɗi kaɗai ba ya bayarwa, wato a kira 'yarta matar Diyuk. Shi kuwa Diyuk na tara yana da suna da rufin da ke yoyo. Yarinyar tana da wanda take so. Ita da kanta ta rubuta daga baya yadda uwar ta tsare ta a gida, ta hana ta ganin kowa, ta kwanta ciwon zuciya na ƙarya har sai da ta amsa. Ranar 6 ga Nuwamba aka ɗaura auren a wani coci a New York, amarya ta iso a makare saboda ta sha kuka. Garar da ta zo da ita hannun jari ne na dala miliyan biyu da rabi a kamfanin jirgin ƙasa, ban da kuɗin da uban ya yanka musu duk shekara. Angon ma bai ɓoye mata cewa shi ma ya bar wadda yake so ba don ya ceci Blenheim. Da ta isa Ingila, kakar mijin ta tarbe ta da cewa aikinta na farko shi ne ta haifi namiji, domin ba za a jure a ga wannan ɗan rawar kai Winston, wato Winston Churchill ɗan ƙanen mahaifin angon, ya zama Diyuk ba. Ta haifi maza biyu. Suka rabu a 1906, aka kashe auren a 1921, a 1926 kuma cocin Katolika ya warware shi gaba ɗaya bayan uwar ta ba da shaida da bakinta cewa tilas ta yi wa 'yarta.

Mun san auren dole, mun san irin ɓarnar da yake yi wa yarinya, kuma sau da yawa akan nuna shi kamar ciwon talakawa ne da marasa ilimi. Ga shi nan a gidan da ya fi kowane gida ƙawa a Ingila, an sa masa farin lesi. Duk wanda ya tsaya yana yaba gyaran da aka yi wa farfajiyar Blenheim da lambunan ruwan da Diyuk na tara ya gina, ya kamata ya san cewa da ƙuruciyar wata yarinya aka biya wani kaso na wannan kyau. Tsarin da ya ɗauki gini da suna ya ɗora su sama da mutum, dole wata rana ya ci mutum.

Yanzu ga inda labarin ya taɓo mu. Wannan Diyuk na tara, wanda bai taɓa tsayawa zaɓen majalisar wakilai ba a rayuwarsa, yana da kujera a majalisar dattawan Birtaniya ta hanyar gado, kuma a 1903 aka naɗa shi ƙaramin ministan ƙasashen da Birtaniya ke yi wa mulkin mallaka, yana ɗan shekara 31. Mu mun san abin da 1903 take nufi. A watan Fabrairu Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato, a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. A shekarun farko da ake kafa sabon mulki a kan ƙasar Hausa, ana tsara haraji ana naɗa sarakuna ana tuɓewa, mutum na biyu a ma'aikatar da Gwamna Lugga ke aika wa rahoto shi ne mijin Consuelo. A ƙarshen 1905 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta sauka, masu sassaucin ra'ayi suka hau. Wa ya gaji kujerar? Winston Churchill, ɗan ƙanen mahaifinsa, shi ma yana da shekara 31. Jam'iyya ta sauya, gwamnati ta sauya, kujerar ba ta bar jikokin Diyuk na bakwai ba.

A hannun Winston aka yi Satiru. A watan Fabrairun 1906 mutanen wannan ƙauye na kusa da Sakkwato suka yi bore, suka kashe Turawa uku da sojoji baƙar fata sama da 20. A watan Maris aka turo musu runduna da bindigogi masu aman wuta, su kuwa yawancinsu fartanya da gatari ke hannunsu. An ƙiyasta mutum 2,000 suka mutu, aka rushe garin aka hana sake zama a cikinsa. Adalci ya sa in faɗi cewa Winston ya rubuta a takardun ofis cewa kisan mutanen da kusan ba su da makami ya dame shi, ya kuma koka da yawan zubar da jini a Afirka ta Yamma. Amma damuwar a cikin fayil ta tsaya. Lugga ya bar Arewa a shekarar, aka ba shi gwamnan Hong Kong a 1907, aka dawo da shi Najeriya a 1912 da iko fiye da na da. Ba ina cewa da wani ɗan talaka ne a kujerar da an tausaya mana ba. Mulkin mallaka mulkin mallaka ne ko wa ke riƙe da alƙalami. Abin da nake nunawa shi ne nisan da ladar yinin nan na 1704 ta kai: ta ɗauki samari biyu 'yan gida ɗaya ta zaunar da su a inda ake yanke hukunci a kan rayuwar mutanen da ba su taɓa jin sunan Blenheim ba.

Na san abin da za a ce mini, domin ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son gado ke da ita: ai gidan nan ne ya haifi Winston Churchill, a cikin fadar ma aka haife shi ranar 30 ga Nuwamban 1874, kuma shi ne firaministan Birtaniya da ya ja daga da Hitila a 1940 lokacin da Turai ta durƙusa. Wannan ba jinin kakansa ba ne ya motsa? Ban raina abin da ya yi a 1940 ba, kamar yadda ban manta da asarar rayukan yaƙin Gallipoli a 1915 da yunwar Bengal ta Indiya ta 1943, waɗanda ake zarginsa a kansu, ba. Amma a lissafa. Tsakanin mutuwar John da haihuwar Winston shekara 152 ne, kuma a cikinsu gidan bai fitar da wani da ya kama ƙafar kakan ba. Mutum biyu a shekara 300, daga gidan da kowane yaro ke samun makaranta mafi kyau da ƙofa a buɗe ko'ina, ba abin da zai sa a ce jinin na daban ne. Abin da Winston ya gada a zahiri hanya ce. Mahaifinsa Randolph ya shiga majalisa a 1874 ta mazaɓar Woodstock da ke ƙarƙashin inuwar gidansu. Shi kansa sai a karo na uku ya ci jarrabawar makarantar hafsoshi ta Sandhurst. Sanayyar mahaifiyarsa, Ba'amurkiya Jennie Jerome, ita ta sama masa gurbi a rundunar Janar Kitchener da ta yaƙi mutanen Mahadi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1898, duk da Kitchener ɗin bai so ba. Yara nawa masu irin kaifinsa aka haifa a unguwannin ma'aikatan masaƙa na Oldham, garin da ya fara zaɓensa a 1900, waɗanda ba wanda ya buɗe wa ko taga?

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Daga 1895 zuwa 1897 Winston ne ke layin gadon sarautar. Da Consuelo ba ta haifi namiji ba, da ya zama Diyuk, da an ɗauke shi daga majalisar wakilai an kai shi ta dattawa, kuma tun 1902 ba a sake samun firaministan da ya yi mulkinsa daga can ba. Rashin gadon ne ya ba shi damar zama abin da ya zama. Shi da kansa, a rikicin kasafin kuɗi na 1909, yana sahun gaba wajen caccakar majalisar 'yan gado, rikicin da ya kai ga dokar 1911 da ta rage mata ƙarfi. Da ya sauka daga mulki a 1955 aka yi masa tayin sarautar Diyuk tasa ta kansa, ya ce a bar shi a majalisar wakilai.

Hujja ta biyu ta fi taushi, kuma ina jin nauyinta: in ba don iyalin ba, wa zai riƙe wurin? Gaskiya ne sun riƙe. Takardun gidan, wasiƙu, taswirori, lissafin magina, duk suna nan, har mutum zai iya bin zuriyar shekara 300 ba tare da ya dogara da ƙwaƙwalwar maroƙi ba, kuma wannan abin koyi ne ga duk mai kishin tarihinsa. Sai dai a duba wanda ke ɗauke da nauyin yanzu. Tun 1950 Diyuk na goma ya buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido su biya su shiga. A 1987 hukumar UNESCO ta sa fadar cikin wuraren tarihi na duniya. Kuɗin tikiti, da shagulgula, da hayar wurin ga masu shirya fim da taruka, da rangwamen harajin gado da doka ke yi wa kayan tarihin da aka bari jama'a su gani, su ke riƙe da rufin. Ko taron shugabannin Turai na watan Yulin 2024 a can aka yi. Gudanarwa kuma tana hannun kwamitin amintattu da ƙwararrun ma'aikata. Dalilin haka sananne ne: a 1994 Diyuk na 11 ya je kotu don a hana babban ɗansa, wanda ke fama da shaye-shaye a lokacin, samun iko a kan dukiyar. Ban kawo wannan don in tozarta kowa ba. Jarrabawa ce da ke shiga gidan mai kuɗi da na talaka, kuma mutumin ya gaji sarautar a 2014. Na kawo shi ne don uba, wanda ya fi kowa son ɗansa da gidansa, ya tsaya gaban alƙali ya yarda cewa zama ɗan fari bai isa a damƙa wa mutum amana ba. In bai isa a kan gida ɗaya ba, ina ga dokokin ƙasa?

Birtaniya ta daɗe tana jan ƙafa a kan wannan. Har 1999 mutum sama da 700 ke da ikon zama a majalisar dattawa su sa hannu a dokar ƙasa don kawai an haife su a wani gida. Dokar wannan shekarar ta sallami yawancinsu, har da Diyuk na Marlborough, amma ta bar kujeru 92, in ɗaya ya mutu 'yan gado su zaɓi wani daga cikinsu. A 2016 an yi irin wannan zaɓe da 'yan takara bakwai, masu jefa ƙuri'a uku. A watan Satumban 2024 gwamnatin jam'iyyar Leba ta gabatar da ƙudirin kawar da ragowar kujerun, kuma ina tare da wannan ƙudiri ɗari bisa ɗari. Amma kujera ita ce ƙaramin ɓangaren maganar. Babban shi ne ƙasa. Ƙididdigar da aka yi a shekarun 1870 ta nuna mutum kusan 7,000 ke da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya, wani bincike na 2019 kuma ya ƙiyasta cewa har yanzu rabin ƙasar Ingila na hannun ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na mutanenta. Ma'aikacin da ya mutu ya bar gida mai ɗan tsada, iyalinsa na iya biyan harajin kashi 40 a kan abin da ya haura ƙa'ida, manyan gandaye kuwa suna ratsawa daga uba zuwa ɗa a cikin rigar amintattu ba tare da an taɓa su sosai ba. A bar musu sunansu, a bar su su kai tutarsu Windsor duk Agusta, ba wanda hakan ya cuta. Haraji kuwa su biya kamar kowa, 'ya'yansu mata su gada kamar maza, kuma haƙƙin jama'a na shiga wurin da kakanninsu suka gina da guminsu ya zama tabbatacce a doka.

A can cikin dajin Blenheim, a kan wani tudu, akwai dogon ginshiƙi mai tsawon ƙafa 134 da Sarah ta sa aka gina, aka gama shi a 1730, da mutum-mutumin mijinta a samansa cikin shigar jarumin Rumawa. A gindinsa an sassaƙa rubutu a fuska huɗu. Fuska ɗaya kirarin yaƙe-yaƙensa ne. Sauran ukun dokokin majalisa ne da suka mallaka wa zuriyarsa gandun da sarautar, an kwafe su a kan dutse don kada wani ya zo daga baya ya yi musu. Sunayen mutum 12,000 da suka zubar da jini a bakin Danube ba su sami fuska ko ɗaya ba, kuma ina ganin kuɗin tikitin mako guda ya isa a kafa musu nasu dutsen a gefen wancan.